Janar ɗin Manjo da Hannun Yisa

Ku yaran yanzu, akwai wata magana da nake so hukuma ta hana ku faɗa a gaban manya, ita ce "ai ba wuya". Kwanaki ɗan ƙanwata ya same ni a rumfata ta Kpakungu, na manna gilashin mai gyaran agogo a ido, ina riƙe da wani ɗan sojan dalma da bai kai babban yatsana tsawo ba, ina shafa masa ja a kafaɗa. Ya tsaya ya kalla, ya ce, "Kawu, ai wannan ba wuya. Na gani a waya, nan da nan Baturen ya gama." Na ce masa madalla, ya je wayar ta fente masa. Dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Boko ban yi nisa ba, ni da makaranta mun rabu tun muna ganin mutuncin juna, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a zuciyarsa. Amma a kan fenti kada wanda ya gyara mini. Mutum ɗaya ne a duk Minna aka ce ya isa, shi ma ban sa hannu a kan maganar ba.

Aikin farko da maigidana Oga Bulus ya ba ni, a bakin tasha inda yake rubuta motocin katako, shi ne dama fenti. Ba riƙe buroshi ba, damawa. Sai ya ba ni gwangwani da ɗan sanda, in yi ta juyawa ina ɗiga tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, har sai ya zo ya ɗaga sandan ya ga yadda fentin ke zuba. In ya zuba kamar kunu, ya ce in ƙara. In ya zuba kamar ruwan wanke kwano, ya ce na ɓata masa dukiya. Yana so ya zuba kamar madarar da aka tatso yanzu. Na daɗe a kan wannan kafin ya bar ni na cika cikin harafi ɗaya a bayan motar wani mai ɗaukar doya daga Paiko. A wajensa na koyi yin buroshi da gashin wutsiyar kurege, a tsinke shi a jera, a cusa a bututun gashin agwagwa, a ɗaure da zare. A wajensa kuma na ɗauki aƙidar da na rayu da ita shekaru: duk kyan aiki daga cikin gwangwani yake fitowa. In aiki ya yi sumul, damu ne ya yi kyau. In ya yi gurje-gurje, damu ne ya ɓaci.

Da na buɗe rumfata, allon shago nake rubutawa, da lambar gida, da hoton aski, da zaki a bayan tifa. Wata rana wani dattijo dogo, mai tafiya kamar an sa masa sanda a baya, ya zo a rubuta masa lambar ƙofa. Tsohon soja ne, mutumin wajen Paiko, ya yi ritaya yana zaune a Tunga, kowa Manjo yake ce masa. Ya tsaya a kan wani zaki da na zana, ya sunkuya yana ƙirga gashin bakinsa.

Ya ce, "Kai ka ja waɗannan layukan?"

Na ce, "Ni ne, yallaɓai."

"Hannunka zai iya yin abin da ya fi haka ƙanƙanta?"

Na ce, "Yallaɓai, in ka kawo mini sauro zan sa masa kwalli."

Bai yi dariya ba. Ya ce in shiga mota.

A gidansa akwai ɗaki guda da ba a kwana a ciki, ba a cin abinci a ciki. Tebur ne babba cike da yashi, an yi tuddai, an shimfiɗa shuɗin ƙyalle a matsayin kogi, an kafa ƙananan itatuwa na soso. A gefe ga gwangwanayen biskit jere, kowanne cike da sojojin dalma kwance a auduga. Ya saye su tun yana saurayi, lokacin da aka tura shi kwas ƙasar waje. Duk Asabar bayan azahar abokansa biyu suke zuwa: wani tsohon hedimasta da ke hawo bas daga Paiko, da wani Alhaji da ya yi aikin jirgin ƙasa. Sai su jera runduna biyu, masu jar riga da masu shuɗiya, su jefa ƙwayar ludo, su auna tafiyar soja da tef ɗin tela, su yi ta musu a kan ko igwa ta hango wanda ke bayan tudu. Manyan mutane masu jikoki. Da na koma unguwa na ba da labari, wani maƙwabcina ya ce na koma fentin gumaka. Na ce masa ban taɓa jin gunkin da ake kashewa duk Asabar da ƙwayar ludo ba.

Sojan farko da na taɓa shi ne mai busa ƙaho, kuma da shi zan nuna muku aikin. Tsohon ƙarfe ba sabo ba ne. An fente shi a can, an sake fente shi a bariki da fentin ƙofa, wani kuma ya zo ya ɗora nasa, har fuskar ta cike, ba hanci ba ido. In ka ɗora sabo a kan wannan, ka yi wa dambu kwalliya. Sai an tuɓe shi tukuna. Man birki nake zubawa a kwalba, in jefa shi ciki ya kwana biyu har tsohon fentin ya kumbura ya yi yamutsa, in fito da shi in goge da tsohon buroshin haƙori, in bi lungunan ɗamara da tsinken sakace. Daga nan wanka da sabulu da ruwan ɗumi, don dalma tana riƙe maiƙo, maiƙo kuwa ba ya shiri da fenti. In ya bushe sai ka ga wani siririn layi ya bi ta gefen jikinsa daga hula har takalmi, inda bakin mazubi biyu suka haɗu lokacin da aka zuba shi. Wannan da ɗan magagari ake bi a kwantar. Bayan haka ba ka ƙara taɓa shi da yatsa. Cingam nake taunawa in manna ƙafarsa a kan murfin kwalba, murfin nake riƙewa. Kuma ku ji da kyau, wanda ya taɓa dalma ya wanke hannu kafin ya kai goro baki, kada kuma ya lashi bakin buroshi don ya yi tsini, ko da ya ga ina yi.

Sai shafin farko, fari ko toka-toka, siriri ƙwarai har kana hango ƙarfen ta ciki. Nan masu gaggawa suke mutuwa. Suna so su shafa sau ɗaya ya rufe. Ja ba ya rufewa a shafi ɗaya, ba ya rufewa a na biyu. Kana shafawa kana kifa masa kwano ya bushe a ɓoye, don ko gashin ido ya faɗa a kai, a jikin wannan ɗan mutum gungume ne. In ya bushe ka sake. Buroshi ya tafi hanya ɗaya, kada ya dawo ta inda ya wuce alhali wurin bai bushe ba. A ƙarshe banish, wato man ƙyallin da ke kare fenti, shi ma siriri, kuma ranar da rana ta fito sosai. Da na kai wa Manjo mai ƙahon nan, ya kai shi bakin taga ya juya shi a haske, ya ce, "Ba laifi." A bakin soja wannan lambar yabo ce. Ya ba ni rundunar ja gaba ɗaya. Na fito ina jin duk Tunga tawa ce.

Asabar ɗin da na kawo jajayen farko, na tarar an riga an jera wasu shuɗaye a ƙetaren kogin ƙyalle, sababbi fil. A kan kujerar da na saba zama kuma ga wani ɗan gajeren mutum yana shan shayin Madam, matar Manjo. Yisa ke nan. Mutumin Bida ne, gidansu maƙeran tagulla ne, yana da ɗan shago a Keteren Gwari yana gyaran tire da buta da kofin gasa. Ashe Manjo ya raba aikin biyu bai gaya mini ba, wai haka ake yi a soja, ba a ba ɗan kwangila ɗaya duka.

Mahaifina Bakatsine ne, aiki ya kawo shi Minna, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa. Da jin sunansa na ce, "A'a, yallaɓai, ashe bawana ka ɗauka aiki ba ka nemi izinina ba?"

Yisa ya ajiye kofi ya ce, "Manjo, wannan ne mai jan? Ai na ɗauka yaran gidan ne suka yi wasa da jan-baki."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Sannan na ɗauki shuɗin soja ɗaya na kai ido, nan take na daina dariya. Jama'a, rigar nan kamar an zuba ta ne ba shafawa aka yi ba. Ba sawun buroshi, ba ƙurji, ba rami. Haske yana bin bayansa yana gangarowa kamar ruwa a kan faranti. Na duba nawa. Nawa yana da kyau, kada wanda ya ce ba shi da kyau, idanun sojojina har harara suke yi, nasa kuwa duk kamar barci suke ji. Amma a kan faɗin riga, in ka karkata nawa a haske, akwai ɗan gurje kamar fatar lemo. Alhajin jirgi ya ɗauki ɗaya nan ɗaya can, ya ce, "Na Audu sun sha yaƙi, na Yisa yanzu suka fito daga wanka." Har yau ban ga abin dariya a wannan magana ba.

Ni ba mai hassada ba ne, kowa ya sani. Bincike kawai na shiga. Tunda kyan aiki daga gwangwani yake, to akwai abin da Banufen nan yake zubawa a nasa. Na fara kai masa ziyarar zumunci. Da ya hango ni sai ya kifa kwano a kan aikin, ya ce, "Maraba da ubangidana na ƙarya," ya aika a sayo mini ƙosai. Ina ci ina leƙen gwangwanayensa. Irin nawa ne sak, shago ɗaya muke saye. Na koma gida na gwada farin ƙwai a fenti, ƙudaje suka yi wa sojan Manjo taron biki. Na gwada ƙaro, ya tsage kamar ƙasan tafki. Na gwada kananzir maimakon tina, ya ƙi bushewa. Na tace fenti da sabon ɗankwalin uwar 'ya'yana, wannan kam ya ɗan taimaka wa fentin, bai taimaka wa gidan ba.

Da na gaji na tambaye shi baki da baki. Na ce, "Yisa, don girman Allah, me kake sawa a fentinka?"

Ya ce, "Tina."

"Sai me?"

"Sai fenti."

Na ce, "Ka ji tsoron Allah, tsufa muke yi."

Ya ce, "Wallahi Audu ba na sa komai a fenti." Ya faɗa yana murmushin nan nasa na gefen baki. Na tashi na tafi ina cewa ban taɓa ganin mai rantsuwa a kan ƙarya da sanyin rai irin wannan ba.

Akwai gwangwani ɗaya da Manjo bai taɓa buɗe mana ba sai da rundunonin suka kusa kammala. A ciki Janar ne, a kan doki mai ɗaga ƙafar gaba, da alkyabba tana kaɗawa a baya, hannu ɗaya riƙe da takobi. Ya fi sauran girma kaɗan, ya fi su tsufa, kuma shi Manjo ya fara saya da albashinsa na can. Alkyabbar nan da cinyar dokin fili ne shimfiɗe, babu inda mai fenti zai ɓuya. Manjo ya ajiye shi a tsakiyar yashi ya ce wanda hannunsa ya fi sumul shi zai yi Janar, kowa ya kawo soja ɗaya na gwaji. Ku fahimta, ba maganar lada ba ce. Duk baƙon da ya shiga ɗakin nan Janar zai fara ɗauka, kuma tambaya ɗaya zai yi: wa ya yi wannan? Sunan da za a faɗa shi nake so ya zama nawa.

Na yi mai tuta. Na ba shi duk abin da Oga Bulus ya koya mini da wanda na ƙaro. Ran Asabar Manjo ya kai nawa da na Yisa bakin taga, Hedimasta ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya. Suka juya, suka karkata, suka yi ƙus-ƙus da Gwaranci don kada mu ji. Sannan Manjo ya juyo ya ce, "Audu, fuskarka ta fi. Amma Janar alkyabba ne." Ya miƙa wa Yisa gwangwanin. Ni kuma, don kada in tafi hannu sake, aka ba ni alfadarai masu jan igwa. Yisa ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi musu ido mai kyau, dangi ne."

Janar ya fito, ba zan ɓoye ba, ya fito. Farin doki, shuɗiyar alkyabba mai zurfi, jar ɗamara. Duk Asabar sai na samo masa aibi don a san ina nan: yau in ce kunnen dokin ya yi kauri, gobe in ce takobin ya yi haske da yawa. Har abin ya zama al'ada, in ban faɗa ba sai Hedimasta ya tambaya ko ba ni da lafiya. Ana nan hannun Yisa ya fara rawa, kofin shayi ma sai ya riƙe da hannu biyu. 'Ya'yansa suka ce ya koma gida Bida ya huta. Ni na ɗaukar masa jaka har tasha, mutane suna ta yaba zumuncina. So nake in tabbatar ya shiga motar.

Sai muguwar shekara ta zo. Ita ce shekarar da injin buga bana, wato allon talla na leda, ya cika gari. Mai shago ya daina neman mai buroshi, sai ya je yaro ya danna masa kwamfuta, a fito masa da hoton kaza da ta fi kaza kyau. Rumfata ta koma wurin hira. Ita ce kuma shekarar da damina ta ƙi ɗaukewa, bango yana gumi, ashana ba ta kamawa. Banish ɗin da na shafa wa alfadarai ya yi fari kamar an watsa musu gari, sai da na tuɓe su na sake. Manjo kuma ciwon zuciya ya kwantar da shi, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa inda take aure don a duba shi, ya daɗe ƙwarai, ɗakin yaƙi yana kulle.

Wata safiya Madam da kanta ta zo rumfata, abin da ba ta taɓa yi ba, da wani abu ƙunshe a gyale. Ta ce, "Malam Audu, rufa mini asiri." Ta buɗe. Wani ɗan akwati ne mai gilashi a gaba, sabon katako, sai warin gam yake. Tun tafiyar Manjo ta sa kafinta ya yi wa Janar gida, don in maigidan ya dawo ya ga abin farin ciki. Ta sa shi ciki ta rufe ruf. Ba ta sani ba, ni ma a lokacin ban gama sani ba, tsohuwar dalma ba ta zama da ɗanyen katako da gam a wuri mai laima. Tururinsu yana cin ta. Janar ya yi furfura. Wani farin gari ya tsiro daga ƙarƙashin fentin ya ɗaga shi, alkyabbar ta kumbura ta fashe, cinyar dokin kamar ƙazuwa.

Ta ce, "Ya kusa dawowa. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali. In ya ga wannan, kuma ya ji ni ce..."

Na ce, "Madam, a kai wa Yisa mana, ai aikinsa ne."

"Yisa ko cokali ba ya riƙewa. Kai za ka yi. Ka mayar da shi yadda yake, kada ya bambanta ko kaɗan. Kuma ka yi mini alkawari, maganar nan daga ni sai kai."

Kun ji irin rabon da Allah ya ba ni. Janar ya zo hannuna, amma da sharaɗin in zama Yisa. Na yi alkawarin, don matar nan shayinta na sha shekaru.

Da na fito da shi daga man birki na goge, sai na kai shi haske na duba. Inda cutar ba ta kai ba, ƙarfen yana walƙiya kamar cokalin amarya. Dalma ba haka take fitowa daga mazubi ba, na tuɓe ɗaruruwa na sani: toka-toka take, da ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura. Wannan an bi ta ne an danne. Ɗan maƙeran tagulla ya yi mata abin da suke yi wa tire a gidansu, ya bi duk faɗin alkyabbar da wani abu mai sulɓi yana murzawa, har ramukan suka rufe, tun kafin fenti ya zo kusa. Ni ina can ina fasa ƙwai a gwangwani, shi yana nan yana gugar ƙarfe. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, bai yi ƙarya ba. Ba ya sa komai a fenti. Mutum ya cuce ka da gaskiya tsagwaronta, ina za ka kai ƙara?

Na kankare farin garin nan a jiƙe don kada ya tashi in shaƙa, na bi har sai da na kai lafiyayyen ƙarfe. Ramukan da ya bari na cike da filar masu gyaran jikin mota, na tsinka ta sosai, ina ɗiga ta da bakin allura, in ta bushe in bi da samfefa mafi laushi wadda na jiƙa. Sauran jikin na murje da gindin basilla, a hankali, da'ira-da'ira, don dalma tana da taushi, in ka danna da ƙarfi ka shafe ninkin alkyabbar. Ruwa yana zuba a waje, saboda haka na sa gawayi a kasko nesa kaɗan don iskar rumfar ta bushe, ina kifa kwano bayan kowane shafi. Shuɗin na haɗa shi ina gwadawa da sojojin Yisa da Madam ta kawo mini. Wurin da ya fi ba ni wuya ido ne. Hannuna yana so ya ba Janar harara irin tawa, dole na danne shi na yi masa idon barci irin na Yisa. Ban taɓa yin aiki mai kyau haka ba, kafin nan ko bayan nan. Akwatin kuwa na ce Madam ta sa 'yan kunne a ciki.

Asabar ta farko bayan dawowar Manjo aka buɗe ɗakin. Ya rame, sandan nan na bayansa ya ɗan lanƙwasa. Ya bi runduna yana dubawa kamar fareti, ya ga wasu jajaye nawa da laima ta dusashe, ya yi tsaki. Sannan ya ɗauki Janar ya kai bakin taga. Madam tana bakin ƙofa da tiren shayi. Ya daɗe yana juya shi.

Ya ce, "Audu, zo nan."

Na zo.

"Duba. Damina ta ci bango, ta ci naka, ta ci ni kaina. Dubi aikin Yisa. Kamar jiya aka yi. Kai, har ya fi yadda na san shi." Ya miƙo mini. "Riƙe ka koya. Irin wannan hannun ba a sake yinsa."

Na riƙe. Na ce, "Haka ne, yallaɓai."

Hedimasta ya sauke tabarau ya ce, "A'a! Yau Audu bai kushe ba? Manjo, a duba shi, shi ma ko zuciyar ce."

Madam ta kalle ni. Na ga in ban kushe ba za a yi zargi. Na juya Janar sama da ƙasa ina neman aibi da gaske, ban samu ba. Na ce, "Ni dai a ganina jan ɗamarar ya yi yawa."

Manjo ya yi dariyar da aka ce bai yi irinta ba tun da ya kwanta. Ya ce, "Hassada dai, Audu! Hassada za ta kashe ka!"

Ya rayu shekaru bayan haka yana nuna wa kowane baƙo aikin Yisa, ni kuma ina gefe ina gyara wa alfadarai kunne. Da ya rasu, ɗansa ya tafi da Janar Abuja, sauran rundunar suka watsu a hannun jikoki, su ne ake kawo mini ɗaya-ɗaya yanzu. Bayan an share makoki Madam ta ce ta sake ni daga alkawari. Na gaya wa Hedimasta ni na sake fente Janar, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Na gaya wa Alhajin jirgi, ya ce ai mamaci ba ya musu. Sai na ga mutum ɗaya ne zai gane, na hau mota na tafi Bida.

Na same shi a zaure, hannuwan suna rawa a kan gwiwa, bakin kuwa lafiya lau. Na ba shi labari tun daga akwati har gindin basilla. Ya tambaye ni yadda na yi da ninkin alkyabba ta hagu, na faɗa masa, ya gyaɗa kai. Ya yarda. Shi kaɗai a duniya ya yarda. Na gyara zama ina jiran abin da na biya kuɗin mota in ji.

Ya ce, "Manjo bai gane ba ko kaɗan?"

Na ce, "Ko kaɗan. Cewa ya yi har ya fi na da."

Ya yi murmushin gefen bakin nan, ya ce, "To ka gani, bawana. Sai da ka zama ni sannan aikinka ya yi kyau."

Na ci tuwon shinkafarsa da miyar wake don kada a ce na yi fushi. Miyar ma, Allah ya sani, ta fi ta gidana.